Lissafin Kwana Uku a Hue

Jirgin dare na hau daga Hanoi,
bencin katako, tikiti mafi araha a tasha.
Jaka guda, takalmin roba,
da ɗan littafin da nake rubuta duk abin da na kashe.
Wata tsohuwa ta jingina kwandon agwagi da gwiwata,
har asuba muna hararar juna, ni da agwagin,
ba wanda ya runtsa.

Hue ta tarbe ni da ruwa.
Ba mai tsawa ba, ba mai iska ba,
yayyafi ne mai naci,
kamar mai bin bashin da ya san ƙofar gida.

Bayan kasuwar Dong Ba na sami masauki,
gidan Madam Tuyet, gado na sama cikin shida,
da fankar da ke tari duk dare.
An ce araha ba ta ado. Ban musa ba.
Na rubuta: kwana, dubu ɗari da ashirin.
Hayar keke, talatin.
Shinkafa da 'yan ƙananan kodin kogi,
barkonon da ya sa na yi hawaye gaban yara,
goma sha biyar.

Washegari na bi gaɓar Kogin Ƙamshi.
Na shinshina, na sake shinshinawa,
laka na ji, da man kwalekwale,
da hayaƙin turaren da wata mata ta kunna wa iyayenta
a gindin bishiya.

Ga ganuwar sarakuna nan, baƙa, jiƙe,
gansakuka ta ci sarauta a kanta.
A ƙofa na karanta kuɗin shiga,
na buɗe littafi, na rufe,
na ce gobe.

A hanyar komawa sarƙar keken ta tsinke.
Na tura shi cikin ruwa har idon sawu
zuwa wata rumfar kwano
inda tsoho Khiem ke tsugune kan tsohuwar taya.
Ba ya jin harshena, ba na jin nasa,
yatsu suka yi mana tafinta.

Ya gyara. Ruwa ya ƙi tsayawa.
Ya zuba min shayi a kofi mai tsaga,
sai ya jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin benci:
fasassun tangaran, shuɗi da fari,
gutsuren kwano, bakin buta, gindin faranti.
Jikarsa Thuc, mai kayan makaranta,
ta tsinto kalmomi ɗaya-ɗaya ta ba ni:
shekara talatin kakanta ya yi a kan rufin fada,
yana liƙa irin waɗannan
a bayan dodannin da ke gadin tukwane da jinka,
ɓawo bayan ɓawo,
har idonsa ya gaji kafin hannunsa.

Da yatsa mai baƙin mai ya zana min a ƙasa
inda wutsiya ke lanƙwasa,
inda harsashi ya taɓa cire ido,
da kwanon miyar matarsa da ya fasa da gangan
don launin ya dace.
Thuc ta ce har yau kaka ba ta yafe ba.
Daga cikin ɗaki wata murya ta tabbatar.

Na miƙa kuɗin gyara. Ya karɓi rabi,
ya danƙa min gutsure guda, shuɗi,
da rabin tsuntsu a jikinsa.

Rana ta uku na fasa cin rana, na fasa cin dare,
na biya, na shiga.
Jama'a na ɗaukar hoton karagar mulki,
ni kuwa wuyana a sama, ruwa na shiga min hanci,
ina neman kwanon miya a wutsiyar dodo.
Ina jin na gan shi. Ban rantse ba.

A jirgin komawa na buɗe littafi.
Gyaran sarƙa, goma.
Na daɗe da biro a hannu kan layin da ke ƙasa,
cikina na ƙugi,
rabin tsuntsu na sukana ta aljihu.