Tambaya ta Goma Sha Huɗu

Shekara ashirin da biyu ina yawo da kaye
tsakanin jami'a da babban asibitin Maraɗi.
Ni ba likita ba ce, ban iya neman jijiya ba.
Aikina zaman bakin gado:
in ji abin da aka faɗa,
in auna wanda aka haɗiye.

A takardata akwai tambaya ta goma sha huɗu:
"In lokaci ya yi, ina kake so ya iske ka?"
Ban taɓa karanta ta yadda na rubuta ba.
Sai in yi ta kwana-kwana kamar Gulbi,
in bi ta damina, in bi ta kuɗin gujiya,
kafin in iso.

Tsahiru, mai tumatir a Jiratawa,
ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, ya ce:
"Rubuta: inda nake jin injin ban-ruwa."
Can ya ce in kashe rakoda.
Jika bakwai mai taki ke bin sa.
Ba kabari ke hana shi barci ba.

Mutum ɗari uku da sha ɗaya.
Na ƙirga "da sauƙi" a bakin masu jinya
har alƙalami ya gaji.
Da muryoyinsu na zama Dakta,
da su aka ƙara mini kujera,
na kai su Yamai, na kai su Dakar,
na juye su cikin Faransanci, aka yi tafi.
Ko ɗaya bai kai ga jin tafin ba.

Bara waccan, Inna Barira ta kwanta.
Likitan, wanda ya taɓa zama a ajina,
ya naɗe takardar magani, bai miƙo ba.
"Malama, a kai ta gida, a ci gaba da addu'a."
Babi guda na rubuta kan wannan jimla.

Muka isa Bagalam bayan la'asar.
Ta ce, "Mi yac ce?"
Na ce, "Da sauƙi."
Haka, da bakin nan nawa.

Ta dube ni, duban da take wa gero
in an cuɗa shi da tsakuwa.
"Cima, kin tambayi iyayen mutane kaf.
Taki uwar ba ta da baki?"

Na tambaya. Ba kwana, ba Gulbi.
Ta ce a ja tabarma gindin bedi
inda take hangen ƙofa,
a kira Habsu, su gama faɗan da suka fara,
kuma kar a bar akuyar nan da ƙishirwa.

Kwana tara.

Litinin, takwas na safe, ga ni gaban allo.
Wata ɗaliba ta ɗaga hannu:
"Wace tazara ta dace tsakanin mai bincike
da wanda yake bincika?"
Alli na hannuna.
Na ce ta bari sai mako mai zuwa.