Minti Bakwai a Kakuri

Zanin gadon Saratu aka ɗaure
a jikin katangar tsohuwar masaƙa,
inda na yi shekara goma sha tara
kafin a garƙame ƙofa, a ce mu dawo ran Litinin.
Litinin ɗin har yau ba ta zo ba.

Yara suka jawo benci daga coci,
tabarmi daga masallacin bayan layi.
Bitrus mai walda ya ba da aron janareto,
ya ce man lita biyu ne, a yi da jiki.

Fim na farko babu mai magana a cikinsa.
Wata mata ce a bakin kogi, wajen Kabala,
washegarin da ruwa ya janye daga ɗakinta.
Tana ɓamɓare takardun makarantar ɗanta
ɗaya bayan ɗaya, numfashi a riƙe,
tana shanyawa a kan kwanon rufi,
tana danne kowace da tsakuwa.
Tawada ta zube, sunan yaron ya narke,
hatimi kaɗai ya tsaya, ja wur.
Ta hura masa iska da bakinta.
Shi ke nan, sai sunaye suka hau.
Wata a bayana tana jan hanci,
wai hayaƙi ne ya shige mata ido.

Na biyu ban gan shi sosai ba,
wani dogo ya tokare mini gaba.
Na dai hango ƙafa ta ƙarfen babur,
ƙirar Panteka,
mai ita yana koyon hawan matakala.
Sau uku yana faɗuwa,
yana zagin maƙerin, yana dariya.

Sai ga ni.

Yahanasu ce, 'yar maƙwabcina,
ta bi ni mako uku da waya mai tsagaggen gilashi.
Na ce, me za ki ɗauka a jikin tsoho mai gyaran risho?
Ta ce, Baba, ba da kai nake ba, da hannunka nake.

Ga hannun nan ya cika zani.
Ashe in na zauna shiru a rumfa
yatsuna ba sa zama.
Ƙulli suke yi, suna haɗa zaren da ya tsinke,
zaren da babu shi,
a kan injin da aka sayar a kilo tuntuni.
Ni da nake tare da su ban taɓa sani ba.

Minti na huɗu janareto ya yi tari, ya mutu.

Duhu. Ba wanda ya tashi.
Can sai Habila, na sashen saƙa,
wanda ido ya bari tun bara waccan,
ya fara da baki: ƙaras-kas, ƙaras-kas.
Uwani ta karɓa da tafi,
Mantau ya kama bugun benci,
mu tsofaffin ma'aikata, sauran da ƙasa ba ta ci ba,
muka tayar da masaƙa a cikin duhu
har yara suka yi tsit suna kallon bakunanmu.

Bitrus ya karkata tanki, ya tatso ɗigon ƙarshe.
Haske ya dawo a kaina ina buɗe adaka,
ina fito da atamfa yadi biyu,
ta ƙarshe da ta bi ta hannuna,
wadda na ɓoye don ranar biyan haƙƙi.
Almakashi ya shiga.
Jikata ce za a yi wa suna, ba ta da riga.

Aka tafa, kunya ta kama ni.
Haƙurin shekara ashirin da ɗoriya
ashe minti bakwai ya ishe shi.

Saratu ta kwance zaninta tana ninkewa,
ta ce yau da jama'a zan kwana,
da mai takardu, da mai ƙafar ƙarfe, da hannun Baba.

Na bi ta gindin katanga zuwa gida.
Gobe akwai risho uku masu jiran lagwani.
Na sa hannu a aljihu,
na ji su, sun fara.