Motar Ƙarfe Bakwai

A unguwarmu ta Tainan, motar shara da kiɗa take zuwa.
Bakwai saura kaɗan za ka jiyo ta daga kwanar masu miya,
rawaya, tana jan ciki,
farar ƙanwarta na biye, mai karɓar kwalba da kwali.

Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa sauka na tare ta ba.
Bi-yun ce ke sauka.
Ni ina kujera, jarida a fuska,
in ji silifas ɗinta na tafi da matakala,
in ce a raina, aikin minti biyar.

Kwana tara da binne ta
na tattara komai a leda guda:
ɓawon ayaba, gwangwanin kifi, batirin rediyo,
da kwalaben maganinta da ido ya ƙi kallo.
Ma'aikacin ya ɗaga, ya jijjiga,
ya ji gilashi na kuka a ciki,
ya miƙo mini abina.
Bai yi faɗa ba.
Da ma faɗan ya yi.

Madam Ko ta hawa na uku ce ta ja mini hannun riga.
"Tseng, ba haka take yi ba.
Je ka buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke."

Na buɗe.
Bokiti huɗu a jere, kowane da rubutun hannunta,
wancan ƙaramin rubutu mai jingina hagu:
takarda, roba, ƙarfe da gilashi, ragowar abinci.
Ga ledoji a ninke kamar samosa,
ga igiya da aka kwance daga kwalin kek, an naɗe.
Gida guda muke kwana,
ashe akwai ɗakin da ban taɓa shiga ba.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ni busasshe ne,
na tanƙwaru dai, ina ƙara.
Na koyi ɗauraye gwangwani kafin ƙuda su ji labari,
na koyi take robar ruwa da diddige har ta yi tusa,
na koyi cewa kofin shayi ba jarida ba ne,
ko da yake dukansu takarda suke kama.
Sau biyu na yanke yatsa.
Sau ɗaya na zuba ƙashin kaza inda bai dace ba,
Madam Ko ta tsamo shi da tsinke, ba ta ce uffan ba.

Yanzu in zan sayo taliya, da kwanona nake fita,
mai shagon har ya daina tambaya.
Ruwan wankin shinkafa na furannin baranda ne,
biyu sun mutu, uku sun yafe mini.
Tsohon labulen ɗaki ya zama jakar kasuwa,
ɗinkin a karkace, amma yana ɗaukar kabeji.

Jikana Tsung-han ya ce ina ceton kunkurun teku.
Ban sani ba, yaro.
Ban taɓa ganin kunkurun da ya zo godiya ba.
Na san dai ledar da nake saukarwa ta rame,
da hannu ɗaya nake riƙe ta,
ɗayan kuma na gaisawa ne,
don a bakin titin nan, kafin motar ta iso,
ake jin wa ya haihu, wa ya kwanta asibiti,
nawa mangwaro ya koma.

Kwalaben maganin ne suka daɗe.
Jiya na jiƙa su a ruwan ɗumi,
na ɓare sunanta ɗaya bayan ɗaya,
goma sha ɗaya na miƙa wa farar mota.
Za a narka su, in ji ma'aikacin, su dawo wani abu.

Ta goma sha biyun tana kan taga.
Na sa mata ruwa da reshen na'ana'a.
Yau da safe na duba,
ya fara fitar da saiwa.