Ƙwai Na Biyar

A rumfar shanunmu, can gefen Lodi,
inda katakon rufi ya sha tururin shekara ɗari,
tsattsewa ta dawo, ta manna laka kan lakar bara.
Ni ce mai riƙe tsani.
Ottavia ke hawa, 'yar jami'a, fensir a bayan kunne,
ɗan ma'auni a aljihun riga.

Kowace safiya ƙwai guda.
Da yatsa biyu take ɗauko shi, kamar mai cire hakin ido,
ta sa masa lamba, ta auna, ta mayar.
Litinin ɗaya. Talata biyu.
Laraba aka yini ana ruwa, ƙudaje suka ɓuya,
uwar ta yi ta yankan iska, baki wayam.
Na Alhamis ya zo shafal.

"Inna Nives," in ji ta daga sama,
"abin da ta ci jiya, shi take zubawa yau.
Wani ta ƙara masa jan gwaiduwa, wani girma.
Autan zai fasa ɓawo
bayan yayyensa sun ƙware a hangame baki.
Wane guzuri take ƙulla masa? Shi nake nema."

Na ƙara damƙe tsani.
Biyar na haifa a gidan nan.
Tullio ya zo muna da shanu talatin,
ya sha har ya ture.
Livio ya zo shekarar da kogin Adda ya cinye masara,
ubansa na kwance,
wata huɗu ƙirjina ya ƙafe.
Da zare nake yanka tuwon masara kan faranti na katako,
in karkata zaren kaɗan
wajen wanda ya kwana yana tari.
Sauran sun gani. Yara ba su da makanta wajen rabo.
Har yau Tullio na faɗa, wai cikin wasa.
Ba wanda ya hau tsani ya auna ni.

Juma'a, na biyar.
Ottavia ta dubi ma'auni, ta ɗaure gira,
ta hure shi, ta sake ɗorawa.
Ya fi na huɗu nauyi.
Uwar na kan wayar lantarki, ta rame kamar tsinke,
tana zaginmu da yarenta.

"Daga ina ta samo?" in ji yarinyar.
Na ce sauko a hankali, matakin ƙarshe ya ruɓe.

Da yamma na kira Livio a Torino.
Yana cikin mota, ya ce zai kira.