Farin Wuri a Ƙolin Dabino

Shekara goma sha tara ina hawan dabino a bayan Madina,
tafin hannuna ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi.
Na san inda ake sara, na san inda ba a taɓawa.
Can ƙoli, tsakanin ƙayoyi, akwai wani farin wuri mai taushi,
bai kai ƙoƙon shan fura ba.
Shi ba ganye ba, shi ba fure ba,
amma duk reshen da iska ke kaɗawa daga nan ya taso.
Sare rassa hamsin, itacen zai yi maka dariya.
Soki wurin nan sau ɗaya, sai ka nemo gatari.

Rumasa'u, 'yar ƙanena Ilu, ita ta ja ni ɗakin karatunsu.
Ta tsinke bakin saiwar albasa,
ta ɗiga masa ruwa mai launi, ta danne da gilashi,
ta ce, Baffa, rufe ido ɗaya.

Sai ga ɗakuna a jere kamar saƙar zuma.
A wani ɗakin, zaruruwa sun yi sahu a tsakiya.
A na kusa da shi an ja su, rabi gabas, rabi yamma.
A na gaba har an fara ɗora katanga.
Ta ce, ƙwayar halitta ke nan, ɗaya ce take zama biyu,
kuma kafin ta rabu sai ta kwafe littafinta kaf,
kowace ta tafi da cikakke.

Na yi shiru.
Ni na ga rabon gado:
gonar tsohonmu ta zama kunya-kunya,
kowa ya tashi da guntu da ƙullaci.
Ban taɓa jin rabon da ke ƙara dukiya ba
sai a bakin saiwar albasa.

Bayan damina biyu, irin lissafinmu na gida,
Ilu ya fara faɗuwa a kan keken ɗinkinsa.
Leɓɓansa suka koma launin toka.
A Riyad likita ya ce rijiyar jininsa ta ƙafe,
sai an nemo idon ruwa a jikin wani.
Mu biyar aka gwada. Nawa ya dace.

Na ce, me za ku ɗiba a ƙashin mai hawan itace?
Ya ce, a ɓargonka akwai ƙwayoyin da ba su zaɓi sana'a ba tukuna.
In sun rabu, wata ta zama ja, ta yi dakon numfashi,
wata fara, ta yi gadi,
wata ta je ta toshe bakin rauni,
wata kuwa ta zauna gida ba ta zama komai ba,
don gobe a sami mai haihuwa.
Na ce, likita, ai na san wurin.
Kullum ina kauce masa da lauje.

Jaka guda suka cika, kamar zoɓon da bai sha ruwa ba.
Ta bayan gilashi na ga tana sauka a hannunsa, ɗis, ɗis.
Kwana goma takarda ba ta ce komai ba.
Rumasa'u ta daina cin abinci, ni na daina tambaya.
Ran na goma sha shida ta fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa:
Baffa, sun kama!

Yau da asuba na ɓamɓare ɗan dabino daga gindin uwarsa,
na sa shi a rami, na tattake ƙasa.
Ilu ne riƙe da tiyo, rigarsa ta yi masa yawa har yanzu.
Ƙaya ta soke shi a yatsa.
Ya dubi ɗigon, ya dube ni,
ya ce, Yaya, naka ne ke zuba, ko nawa?
Na ce, tsotse abinka, ruwa na wucewa.