Zaɓen Iri

Kakata Cima, a gonarta ta hanyar Mirriya,
ba ta sussuka zangarniyar da ta fi cika.
Ratayewa take a bakin rumbu:
"Wannan ta baɗi ce."

Ni gonata gilashi ce, faɗin yatsu biyu.
Ƙarfe uku na dare a labo,
injin wuta na tari,
na kifa ido a madubi
ina kallon abin da ya kwantar da Ilu mai ga-ruwa
yana iyo, waƙafi mai wutsiya.

Ba shi da zuciya, balle mugunta.
Haihuwa kaɗai ya iya.

Dubi mura, ita lallashi take.
So take ka tashi ka je kasuwar Dole,
ka ba mutum goma hannu,
ka yi atishawa a ƙeyar ɗan kabu-kabu.
Jakinta ne kai.
Wa ke karya ƙafar jakinsa tafiya ba ta ƙare ba?

Wannan kuwa ba ya hayar ƙafar kowa.
Ka kwanta, ka ƙafe, matsalarka ce:
kududdufi zai goya shi,
bido zai sauke shi Garin Malam,
ya kwana Kara-kara.
A zuriyarsa, wanda ya fi rashin imani
shi ke cika unguwa da jikoki.

Sati uku famfonmu na huci, ba ɗigo.
Sati uku muna rataya masa zangarniya.

Ga kuma kafso ja-da-rawaya a kan tire,
biyu dala ashirin.
Ilu ya haɗiye huɗu, kuɗi suka ƙare.
Ragwayen suka mutu.
Masu taurin kai suka gaji fili,
an yi musu noma kyauta.

Da asuba Gaji ta tare ni a baranda,
takalminta ɗaya a hannu.
"Zai tashi?"
Leda ta bakwai ke ɗiga a jijiyarsa.
Na ce ya nemi fura. Ba ƙarya na yi ba.

Na ƙirga mata ɗigon jabel a bido,
ta maimaita bayana kamar mai biya allo.

In mun toshe masa hanyar ruwa
mai zafin zai mutu cikin wanda ya kayar,
ba magaji.
Sai mai sanyin hali ya saura,
mai barin mutum ya je gona.

Cima ba ta taɓa ganin madubin nan ba.
Da ta leƙa, na san abin da za ta tambaya:
"Wa ke muku zaɓen iri?"