Ƙyauren Inna

Shekara guda ban taɓa waya ba.
Aikina ɗauko rodi a kafaɗa,
da shara, da sayo fura,
da riƙe ƙarfe in wani yana ɗinki.
Maigida Arzika ya ce,
"In na ce wuta, rumtse ido."
Ni kuwa ɗan sha huɗu ne.
Wa zai ga ana haihuwar tauraro a ƙasa
ya kau da kai?
Na kalla.

Daren nan ba a yi barci a gidanmu ba.
Kamar an kwaso yashin gulbin Rima
an ɗura mini ƙarƙashin fatar ido.
Inna ta jiƙa gyalenta da ruwan randa,
tana ɗorawa, tana cirewa, har assalatu.
Ba ta ce in bari ba.
Ta ce, "Gobe ka roƙi gilashi."

Ran da aka ba ni sandar farko
ta manne wa ƙarfe kamar kaska.
Na ja, ta ƙi. Na fizga, inji ya yi gurnani,
yaran mai faci suka tuntsire da dariya.
"Kyasta ta awa ashana," in ji Arzika.
"Kak ka danne ta, kak ka guje ta.
Tsakaninku kaurin ƙwayar gero."

Aikina na fari amalanken Modi ne,
mai kawo albasa daga Kwalkwalawa.
Na liƙa, na shafe da baƙin fenti,
ya yi kyau kamar gashin amarya.
Kwana uku sai ga Modi a ƙafa,
buhu shida sun zube a kan gada,
riba ta bi ƙarƙashin tayar tirela.
Arzika bai ɗaga hannu ba.
Ya ƙirga kuɗin albasa daga aljihunsa,
ya miƙo mini ƙaramar guduma.
"Ƙwanƙwasa."
Na ƙwanƙwasa. Ɓawo ya faɗi.
Ciki duk rami ne, kamar gara ta ci.
"Wanga tohi ne ka yi, ba walda ba."
Da ya mare ni
da na fi saurin mantawa.

Yanzu shekara tara.
Rigunana duka tankaɗe ne,
bayan hannuna rubutun tartsatsi.
Zafin watan huɗu na sama, nawa na ƙasa,
ni a tsakiya kamar masa a tanda.
In an ɗauke wuta mu zauna ƙarƙashin dogonyaro
muna lissafin man janareta.
In an kawo, ko loma ce a hannu, ajiye ta.

Manyan ƙofofin Arkilla,
masu zanen dawisu da kan mashi,
da yawa na san su tun suna kwance.
Nakan wuce su a kan babur
ba su gane ni ba.

Amma guntayen da suka rage
ban sayar wa 'yan gwangwan ba.
Wata bakwai ina tara su bayan shago.
Jiya bayan la'asar na cire tsohon buhun
da ke rataye a ƙofar ɗakin Inna.
Ƙyauren kala uku ne, faci goma sha ɗaya.
Na ƙwanƙwasa kowane ɗinki kafin fenti.

Ta buɗe, ta rufe. Ta buɗe, ta rufe.
Ta ce, "Sahabi, ya yi nauyi."
Sannan ta ɗaure makullin
a bakin gyalen nan.